Kano zuwa Guangzhou: tikitina ya nuna awa 26 a tafiya, awa 12 a dawowa

Sani Ɗan Kwari:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Maigidana zai tura ni birnin Guangzhou na ƙasar Chaina sayo kaya, karona na farko, domin bana ciwon ƙafa ya hana shi doguwar tafiya. Jiya da daddare ejan ya turo mini tikiti, tun lokacin nake ta jujjuya shi a waya. A tafiya an rubuta zan tashi Kano ranar Litinin ƙarfe 2 na rana, in canza jirgi a Adis Ababa, in sauka Guangzhou ranar Talata ƙarfe 4 na yamma. Na ƙirga, awa 26 ke nan. A dawowa kuma an rubuta tashi 00:30 ranar Juma'a, sauka Kano 12:30 na rana a wannan Juma'ar dai. Awa 12 kacal. Hanya ɗaya, kamfani ɗaya, ta yaya zuwa zai ninka dawowa har da ɗoriya? Na kuma nemi nisan a intanet, wani wuri ya ce 10,900, wani 6,800, wani 5,900. Don Allah wanda ya sani ya warware mini, kada in je in kunyata mutumin da ya amince da ni.

Alhaji Baffa Wambai:
Wa alaikumus salam. Ɗana Sani, kwantar da hankalinka, tikitinka lafiya lau yake. Kowane lokaci da ka gani a jikinsa agogon garin da aka ambata ne, ba agogon Kano ba. Chaina ta riga mu da awa 7. Idan ana kiran azahar a nan, su can sun yi isha'i. To cire 7 daga 26 ɗinka, saura 19. A dawowa kuma ƙara 7 a kan 12, ka ga 19 ta sake fitowa. Zuwa da dawowa duk awa 19 ne, har da zaman jira a Adis.

Sani Ɗan Kwari:
Allah ya saka da alheri Baba. Amma awa 19 ɗin duk a sama ake yin ta?

Injiniya Kabiru:
A'a ƙanena. Bari in rarraba maka bisa lokutan da ka rubuto. Daga filin jirgin Malam Aminu Kano zuwa filin Bole na Adis Ababa kimanin kilomita 3,300 ne, jirgi yana cinye su cikin awa huɗu da rabi zuwa biyar. Habasha ta riga mu da awa 2, shi ya sa za ka tashi ƙarfe 2 na rana amma ka sauka wajen 9 saura na dare a agogonsu. Sai ka zauna jira har bayan 12 na dare. Daga Adis zuwa filin Baiyun na Guangzhou kimanin kilomita 8,000 ne, wajen awa goma da rabi. Idan ka haɗa, zamanka a cikin jirgi bai wuce awa 15 da 'yan mintuna ba, sauran a kan kujerar jira ne.

Lambobi ukun da ka gani kuwa duk daidai ne, ma'aunin ne ya bambanta. 10,900 kilomita ne. 6,800 mil ne irin na Turawan Ingila da Amurka, kowane mil ya ɗan haura kilomita ɗaya da rabi. 5,900 kuma mil ɗin teku ne, wanda matuƙa jiragen sama da na ruwa suke aiki da shi, kowane ɗaya kilomita 1.852. Dukansu nisan miƙe ne daga Kano zuwa Guangzhou, kamar a ce jirgin ba zai tsaya ko'ina ba. Don ka gane girman abin, Kano zuwa Jidda kimanin kilomita 3,400 ne. Tafiyarka ta ninka ta alhazai sau uku har da ɗan ƙari.

Habu Mai Waya:
Ni fa Injiniya ban gamsu da cewa zuwa da dawowa ɗaya ba ne. Duniya tana juyawa daga yamma zuwa gabas, ko ba haka aka koya mana ba? To wanda ya taso daga Chaina ya nufo yamma, ai Kano ce take tahowa ta tarye shi. Wanda kuma ya nufi gabas, Chaina tana gudu yana bin ta. Dole dawowa ta fi sauri. Ina ganin wannan ne asalin abin da Sani ya gani a tikiti, ba batun agogo kawai ba.

Injiniya Kabiru:
Malam Habu, tambayar tana da kyau kuma mutane da yawa suna yin ta, amma ba haka abin yake ba. Gaskiya ne duniya tana juyawa, a tsakiyarta ma gudun ya kai kusan kilomita 1,670 a awa. Sai dai ba ƙasa kaɗai ke juyawa ba. Iskar da ta lulluɓe ta tana tafiya tare da ita, jirgin da ke ajiye a filin Kano shi ma yana cikin wannan tafiyar tun kafin a kunna injinsa, kuma ba ya rabuwa da ita don ya ɗaga sama. Da maganarka ta tabbata, da jirgi mai saukar ungulu zai tashi a Kano ya tsaya cak a sama na awa guda da 'yan mintuna sai ya ga Bamako ta zo ƙarƙashinsa. Ba a taɓa ganin haka ba.

Abin da yake kawo bambanci na gaske iska ce. A can sama inda jirage ke tafiya, tsakanin kilomita 10 zuwa 12 daga ƙasa, akwai wata iska mai ƙarfi da take kaɗawa daga yamma zuwa gabas. Lokacin sanyi ta kan haura kilomita 200 a awa a saman ƙasashen Larabawa da arewacin Indiya. Jirgin da ya nufi gabas tana tura shi, wanda ya nufo yamma tana danne shi. Don haka a yawancin hanyoyi dawowa daga Chaina ce ta fi tsawo, akasin abin da ka zata.

Habu Mai Waya:
To in haka ne me ya sa a tikitin Sani duka biyun suka zo 19 daidai? Ina iskar ta tafi?

Injiniya Kabiru:
Dalili biyu. Na ɗaya, lokacin jira a Adis ba ɗaya ba ne a zuwa da dawowa, shi ke cike giɓin. Na biyu, hanyar Adis tana bi ta kudu, ta saman tekun Larabawa da tsakiyar Indiya, inda waccan iska ba ta da ƙarfi sosai. Da damina ma, daga Yuni zuwa Satumba, iskar sama a wannan yankin juyawa take yi ta koma kaɗawa daga gabas zuwa yamma. Amma tambayi masu bi ta Doha ko Alƙahira a watan Janairu, za su gaya maka dawowa ta kan ɗara zuwa da awa guda ko fiye.

Hajiya Maman Husna:
Ku dakata da lissafin iska tukuna, akwai abin da ya fi shi gaggawa kuma ba wanda ya taɓo shi. Sani ɗana, sake duba lokacin dawowarka. 00:30 ranar Juma'a. Wannan ba daren Juma'a ba ne bayan an sauko daga masallaci an yi sallama da mutane. Daren Alhamis ne. Ranar Alhamis da magariba ya kamata a ce jakunkunanka suna cikin mota, ƙarfe 9 na dare kana cikin filin jirgi.

Ina faɗa maka haka ne saboda abin da na gani da idona. Wata baiwar Allah da muka sauka otal ɗaya, ita ma zuwanta na farko, ta ɗaure kayanta tsaf, ta yi wankanta ranar Juma'a, ta tafi filin jirgi da daddare cikin natsuwa. Ta miƙa fasfo a wurin awon kaya, ma'aikaciyar ta duba kwamfuta, ta juyo mata da allon ta nuna mata da yatsa cewa jirginta ya tashi tun daren jiya. Na same ta zaune a kan Ghana-must-go ɗinta, takardar tikitin a hannu ta jiƙe da gumi, kuɗin guzurinta duk sun shiga kaya, bizarta saura kwana kaɗan. Sai da 'yan uwa matafiya suka yi karo-karo aka canza mata tikiti. Har yau idan na tuna fuskarta sai zuciyata ta sosu. Yawancin jiragen da ke tasowa daga can zuwa Afirka da ƙasashen Larabawa tsakar dare suke tashi, don haka wannan tarkon yana nan kullum.

Sani Ɗan Kwari:
Innalillahi. Hajiya wallahi a raina daren Juma'a na ɗauka. Na rubuta yanzu a bangon littafin lissafina: Alhamis da magariba.

Alhaji Baffa Wambai:
Hajiya ta yi maka gata. Ka kuma sani filin Baiyun ba a cikin gari yake ba, yana arewa da birnin da kusan kilomita 30. Daga unguwar Xiaobei ko Sanyuanli inda mutanenmu suka fi sauka, idan akwai cunkoso mota ta kan ci awa guda.

Ɗan Damagaram:
Salamu alaikum jama'a. Mu daga nan Damagaram Kano muke gangarowa mu hau jirgi, ta fi mana kusa da Yamai nesa ba kusa ba. Ni ta Alƙahira nake bi kullum. Amma wani abokina yana ta yi mini faɗa wai ɓata hanya nake yi, don me zan haura arewa har Masar alhali Chaina tana gabas, Habasha kuma tana kan hanya. A taswira ma in ka duba kamar yana da gaskiya. Injiniya me ka gani?

Injiniya Kabiru:
Abokinka taswirar bango ce ta ruɗe shi. Ita shimfiɗaɗɗiya ce, duniya kuwa dunƙulalliya. Ka samu ƙwarya ka kife ta, ka sa alama biyu a gefenta nesa da juna, ka ja zare tsakaninsu ka ɗame shi. Za ka ga zaren bai zagaya ta baki ba, ya ɗan haura ta wajen ƙoƙon sama, domin nan ne gajeriyar hanya. Haka jirgi yake yi.

Idan ka ɗame zaren daga Kano zuwa Guangzhou, ba gabas sak zai nufa ba, arewa maso gabas zai fuskanta, kusan daidai da yadda muke fuskantar alƙibla a Kano. Ba mamaki, domin da irin wannan lissafin ake fitar da alƙiblar ma. Zai ratsa ta jihar Diffa a ƙasarku, ya shiga Chadi ta arewa da tafki, ya bi arewacin Sudan, ya tsallake Bahar Maliya, ya wuce tsakanin Jidda da Madina, ya bi ta arewa da Riyad, ya fita ta wajen Bahrain, kudancin Iran, Pakistan, daf da birnin Delhi, ya goga tsaunukan Himalaya a Nepal, arewacin Myanmar, sannan ya gangara kudancin Chaina.

Yanzu auna hanyoyin da wannan zaren. Ta Adis: 3,300 da 8,000, ya kama wajen 11,300 zuwa 11,400. Ta Alƙahira: Kano zuwa can kimanin 3,100, daga can zuwa Guangzhou kimanin 8,000, jimla wajen 11,100. Ka ga taka ta fi ta abokinka gajarta da 'yan ɗaruruwan kilomita. Doha kuwa kusan a kan zaren take zaune, jimlar ta can ba ta wuce 10,950 ba idan daga Kano aka miƙe.

Ɗan Damagaram:
Madalla. Zan tura masa wannan yanzu.

Alhaji Baffa Wambai:
Tura masa, amma ni ban yarda a zaɓi hanya da kilomita ba. Injiniya, da girmamawa, bambancin kilomita 300 a jirgin da ke gudun kusan 900 a awa minti ashirin ne. Minti ashirin! Alhali na taɓa zama a wani filin jirgi tun hantsi har tsakar dare ina jiran na gaba, saboda ejan ya ga tikitin ya fi arha da 'yan dubbai ya yanko mini ba tare da ya gaya mini ba. Abin da ke cin matafiyi zango ne, ba sama ba. Duk wanda zai sayi tikiti ya duba abu uku kafin farashi: awa nawa zai jira, sau nawa zai canza jirgi, kuma tikiti ɗaya ne tun daga Kano har can ko guntu-guntu aka haɗa masa. Idan guntu-guntu ne, jirgin farko ya makara, na biyu ya tafi, ba wanda zai saurare ka, sabon kuɗi za ka fitar. Idan ɗaya ne, nauyin kamfani ne ya sa ka a jirgi na gaba.

Hajiya Maman Husna:
Alhaji a nan na ɗan saɓa maka. Kai kana gudun dogon jira, ni gajeren jira ne yake ba ni tsoro. An taɓa ba ni awa ɗaya da 'yan mintuna tsakanin jirgi da jirgi. Muka tashi a makare, muka sauka, aka sa mu a bas zuwa ginin, ga layin bincike ya miƙe, a cire takalmi, a cire agogo, a buɗe jaka. Na isa ƙofa ina haki ana rufewa. Ni na shiga, jakata ba ta shiga ba, sai bayan kwanaki ta iso, kuma samfurin atamfa da leshin da zan nuna wa masu masana'anta duk suna ciki. Mace mai shekaru irina gara ta zauna awa biyar ta yi sallarta a natse ta miƙe ƙafa.

Alhaji Baffa Wambai:
Ai ba mu yi nisa da juna ba Hajiya. Awa uku zuwa biyar shi ne daidai. Na Sani kusan huɗu ne, ya dace. Abin da nake ƙi shi ne awa goma sha.

Hajiya Maman Husna:
To mun haɗu. Sani, samfurin kaya da lambobin wayar mutanen da za ka gani su zauna a jakar hannu. Ka sa rigar sanyi ma a ciki. Adis a kan tudu take, sama da mita 2,300, da daddare sanyinta yana shiga ƙashi ko da a Kano ana zafin Afrilu.

Musa Fagge:
Ni tambayata daban ce. Tunda kilomita 10,900 ne a miƙe, me ya hana a samu jirgin da zai tashi daga Kano kai tsaye? Ko babu jirgin da mansa zai kai ne? Filin Kano fa shi ne mafi daɗewa a Najeriya, tun 1925 jirgi ya fara sauka a garin nan. Abin yana ci mini rai a ce kullum sai mun yi zango a ƙasar wasu.

Injiniya Kabiru:
Jirgin da zai kai akwai shi, Malam Musa. Boeing 787 da Airbus A350 duka suna wuce wannan nisan ba tare da sun sha mai a hanya ba. Kamfanin Singapore Airlines yana tashi daga Singafo zuwa New York kai tsaye, sama da kilomita 15,000, awa 18 zuwa 19 a sama. Kano zuwa Guangzhou a miƙe wajen awa 13 zai ci. Matsalar kujeru ce. Jirgi mai ɗaukar mutum kusan 300 yana buƙatar a cika shi zuwa da dawowa, mako bayan mako, ba lokacin baje koli kaɗai ba. Abin da kamfanin Ethiopian yake yi shi ne ya kwaso mutane daga Kano, Legas, Abuja, Accra, Yamai, Njamena, Douala da sauransu, duk su sauka Adis da daddare kusan lokaci guda, sai a zuba masu zuwa Chaina a jirgi ɗaya. Sani zai gani da idonsa, zauren jiran nan da ƙarfe 10 na dare kamar an tattaro Afirka duka. EgyptAir haka yake yi a Alƙahira, Qatar Airways a Doha.

Musa Fagge:
Na ji, amma ban yarda ba mu da mutane ba. Kwari, Sabon Gari, Wambai, Farm Centre, Kofar Ruwa, ga 'yan Katsina da Maraɗi da Damagaram. Ko sau ɗaya a mako ai za a cika.

Alhaji Baffa Wambai:
Musa, da za a cika da ni ne na farko a layi. Amma duba yadda kasuwar ta koma. Da yawa cikin waɗanda muke tafiya tare a da yanzu ta waya suke oda, wakilinsu a can ya ɗauki hoto ya turo, su biya, a loda a kwantena. Tun da aka rufe Chaina lokacin korona mutane suka koyi haka, tsadar dala ta ƙara zaunar da su. Masu zuwa da ƙafarsu sun fi yawa ne a watan Afrilu da Oktoba saboda babban baje kolin Canton, wanda ake yi a Guangzhou sau biyu a shekara tun 1957. Wajen Janairu ko Fabrairu kuwa, lokacin sabuwar shekararsu, masana'antu rufewa suke yi na makonni, ba mai zuwa. Kamfani ba zai ajiye jirgi saboda wata biyu ba. Ni burina ma bai kai nan ba. A riƙe mana waɗanda ke sauka Kano yanzu kada su gudu, domin wanda ya taɓa kwana a Legas da kaya don ya kama jirgin safe ya san darajar tashi daga gida.

Musa Fagge:
Wannan kam gaskiya ne Alhaji. Amma ina nan a kan bakana, in aka gwada za a sha mamaki.

Ɗan Damagaram:
Injiniya, wancan zaren da ka ja ya bi ta Sudan. Da yaƙin da ake yi fa?

Injiniya Kabiru:
Shi ya sa nake cewa 10,900 lissafin takarda ne. Jirgi ba ya bin zaren sak. Da yaƙi ya ɓarke a Khartoum a watan Afrilun 2023 an rufe sararin samaniyar Sudan, jiragen da ke zuwa Jidda da Alƙahira da Adis daga yankinmu suka koma zagaye, tafiya ta ƙaru. A watan Agustan 2023 Nijar ma ta rufe nata na kusan wata guda bayan juyin mulki, jiragen Turai zuwa Najeriya suka sha zagaye. Pakistan ta taɓa rufe nata na watanni a 2019. Ko ba rikici, akwai inda matuƙa ke kauce wa da kansu, kamar tsaunukan Himalaya da tudun Tibet. Idan iskar cikin jirgi ta zube, dole matuƙi ya sauko da gaggawa zuwa wajen mita 3,000 inda mutum zai iya numfashi, a can kuwa ƙasar kanta ta fi haka tudu, dutsen Everest ma mita 8,849 ne. Don haka lokacin da ke kan tikiti ya fi abin da intanet ta lissafa maka zama abin dogaro, domin kamfani ya san hanyar da zai bi a zahiri.

Sani Ɗan Kwari:
Na ƙaru sosai. Saura abu ɗaya da yake damuna, sallah. Tunda agogo yana ta canzawa, da wanne zan yi aiki a cikin jirgi?

Malam Na Ƙofar Mata:
Ɗana, ba da agogon kowa ba. Da rana za ka yi aiki, a inda kake a wannan lokacin. Azahar ka yi ta a Kano kafin ka shiga, kuma matafiyi yana da sauƙin haɗa ta da la'asar. Magariba da isha'i ka yi su a Adis, akwai wurin sallah a filin. Wadda take kuɓuce wa mutane ita ce asuba a tafiya. Kun tashi bayan 12 na dare, kana ganin akwai sauran dare mai tsawo, alhali gabas kuka nufa, kuna tarar rana ne. Bayan awa uku zuwa huɗu alfijir ya keto, kuma tsakaninsa da fitowar rana gajere ne ƙwarai saboda gudun jirgin. Ma'aikata sun rufe tagogi, an kashe fitilu, kowa yana barci. Ka farka ka ɗaga murfin taga ka ga rana tsaka. Don haka ka shiga da alwala, ka nemi kujerar taga in da hali, ka riƙa ɗaga murfin kaɗan kana dubawa. Da ka ga farin nan ya shimfiɗu a gefen sama, yi sallarka yadda ya sawwaƙa.

A dawowa akasin haka ne. Dare zai bi ku har kusan Adis, sama da awa goma cikin duhu, asuba ba za ta shiga ba sai kuna dab da sauka. Kada ka duba agogon Chaina ka ga 5 ta yi ka tashi ka yi sallah, lokaci bai yi ba a inda kake. Mai azumi ma haka, ba ya buɗe baki sai ya ga rana ta faɗi daga inda yake a sama, ko da garin da ke ƙasa sun sha ruwa. Batun ƙasaru kuma, a mazhabarmu ta Malikiyya idan ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a Guangzhou, da ka isa ka koma cika sallah.

Sani Ɗan Kwari:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Kwana goma zan yi, don haka cikawa zan yi.

Hajiya Maman Husna:
Kuma kada ka zauna awa goma ba motsi. Ka tashi ka taka zuwa bayan jirgi ka dawo, ka sha ruwa da yawa ko ba ka jin ƙishi. Ƙafa tana kumbura, jini yana iya daskarewa a jijiya, ba tsofaffi kaɗai abin ke samu ba. Takalmi mai saki za ka sa.

Alhaji Baffa Wambai:
Ranar da ka sauka kada ka ce za ka shiga kasuwa. Ƙarfe 4 jirgi ya taɓa ƙasa, kafin ka gama da jami'an shige da fice, ka ɗauki jaka, ka isa masauki, magariba ta yi, shaguna sun fara rufewa. Ka ci abinci ka daure kada ka kwanta sai bayan isha'i. Jikinka yana kan agogon Kano, 11 na dare a can 4 na yamma ce a wurinsa, barci zai ƙi zuwa, da safe kuma ya danne ka. Kwana biyun farko kada ka biya kuɗin kaya mai yawa, ka zagaya ka ga farashi kawai, domin mai jin barci ba ya ciniki da kyau. WhatsApp da Google ba sa aiki a layin can, ka sauke WeChat, manhajar hira da ake amfani da ita a Chaina, tun kana gida, ka sa wa maigidanka shi ma, ka ɗauki hoton tikitinka da adireshin otal da rubutunsu ka ajiye a waya.

Sani Ɗan Kwari:
To Baba, maigida ya ce kafin in biya kowane kaya sai na kira shi ya gani. Wane lokaci ya fi dacewa?

Alhaji Baffa Wambai:
Kasuwa tana buɗewa wajen 9 zuwa 10 na safe, a Kano 2 zuwa 3 na dare ke nan, ba za ka tashe shi ba. Ka yi zagayenka da safe, ka ɗauki hotuna, ka rubuta farashi da lambar shago. Daga ƙarfe 2 na rana a can, 7 na safe ta yi a Kano, ya idar da azkar ya karya. Daga nan zuwa 5 na yamma kuna da awa uku da shi yana farke shaguna kuma suna buɗe. Duk wata biya ka tara ta a wannan tsakanin, kuma ka gaya masa tun yanzu ya riƙa barin wayarsa a kunne da safe.